Kifin da Malam Almu Ya Aiko

Duk mai sallar Juma'a a ɗan masallacinmu na unguwar Woolwich da ke London ya san Malam Almu, ko da bai taɓa jin muryarsa ba. Dogo ne siriri, tafin hannunsa kaushi kamar faskare. Aikinsa a wani asibiti yake, yana tura marasa lafiya a keke daga ward zuwa ɗakin hoto. Matarsa ta rasu tun 'yarsu Humaira tana firamare, shi ya raine ta shi kaɗai a flat ɗin council, wato gidan hayar gwamnati, har kitso sai da ya koya. Ba ya zaman majalisa, ba ya tsoma baki a rigimar kwamiti. To mu kuwa, mutumin da muka rasa aibinsa shi muka fi sa wa ido.

Abu biyu aka sani game da shi. Na ɗaya, Basarke ne daga Yawuri, wato jinin Sarkawa, gidansu gidan masunta ne kaka da kakanni, an ce ma kakansa ya riƙe sarautar sarkin ruwa. Na biyu, duk ranar da yake off daga aiki sai ya ɗaure dogayen sandunan fatsa a kan tsohuwar motarsa ya nufi bakin teku can Kent, neman wani kifi da Turawa ke kira sea bass. Shi ƙanen giwan ruwa yake ce masa. Abin da ya ɗaure mana kai, sau da yawa hannu rabbana yake dawowa. Basarke guda, ya wuni a bakin ruwa, ya dawo ba ko ƙaya? Ai ruwa ba ya tsami banza.

Da ba ruwana da shi. Abin da ya jawo ni ciki shi ne Zulkiflu, ɗan yayata Luba, ya ga Humaira ya ce in ba ita ba sai rijiya. Uban yaron ya rasu, ni ne kawunsa, don haka binciken gidan yarinya a wuyana ya faɗo.

Ana cikin haka sai ga bidiyo. Masawudu, wani ɗan Kumasi mai aikin delivery, ya kai iyalinsa shan iska bakin teku, ya hango Malam Almu ya ɗauke shi a waya. Na kalla da idona. Ga mutum tsaye cikin ruwa har ƙugu, ya riƙe kifi da hannu biyu a ƙarƙashin ruwa, ya sunkuya bakinsa na motsi, can sai ya buɗe hannu kifin ya tafi.

Yaya Luba ta kira ni tana salati. "Mahamudu, ka gani ko? Sadaka yake ba 'yan ruwa! Dama an ce Sarkawa ba sa rabuwa da mutanen ɓoye. Wa ya taɓa kama kifi ya mayar? Jikokina ba za su fito daga gidan tsafi ba."

Na ce, "Yaya, ki bari a bincika tukuna."

Ina! Kafin in rufe baki ta riga ta tura shi group ɗin matan unguwa, har da rubuta "Allah ya tsare mu" a ƙasa. Yayata ce, ina ƙaunarta, amma yatsanta ya fi tunaninta sauri. Ni ma dai kada in wanke kaina, bidiyon nan bai kwanta min ba ko kaɗan.

Bayan Juma'a na tare Malam Almu na ce ina sha'awar koyon kamun kifi. Ya dube ni, ya dubi takalmin fata da ke ƙafata, ya ce, "To, Allah ya kai mu Asabar. Ka sa rigar sanyi mai kauri."

Muka isa da hantsi. Bakin tekun duk tsakuwa ce, iska kuwa tana yankar kunne. Ni da na zo da idon ɗan sanda, komai ya fito da shi sai na leƙa. Wani ƙunshin jarida da na tabbata laya ce, ashe tsutsa ce ta sa wa ƙugiya. Wata 'yar kwalba kuma man zafi ne na gwiwa. Duk da haka ban saki jiki ba, don mai abin ɓoye ba ya baza shi a gaban baƙo.

A bakin ruwa wani mutum ne daban. Wanda ba ya haɗa kalma goma a masallaci, sai ga shi yana ta bayani. Ya ce bass ba ya son zurfi, bakin gaɓa yake zuwa farauta in ruwa ya fara cikowa, daidai inda igiyar ruwa ke fashewa ta yi kumfa. Ya ce shekarunsa na farko a London ko kogin Thames ba ya iya kallo, don kewar gida. Sai da matarsa ta rasu, barci ya ƙi shi, wani tsohon Bature da ya taɓa turawa a keke ya ba shi sandar fatsa kyauta ya kwatanta masa wurin nan.

"A gida taru muke ja, mu cika kwalekwale," in ji shi. "Nan kuwa ka wuni kana roƙon kifi ɗaya. Amma ruwa dai ruwa ne."

Can sai kan sandar ya lanƙwasa. Ya jawo wani kifi fari sol mai ƙyalli, wanda a ganina ya isa miyar mutum uku. Ya gwada shi da wata alama da ya yi a jikin sandar, ya girgiza kai. Ya zare ƙugiyar a hankali, ya shiga ruwa da wandon robarsa, ya riƙe kifin a ciki ya sunkuya. Bakinsa ya fara motsi. Na shiga karanta Ayatul Kursiyyu a zuci.

Da ya fito na kasa haƙuri. "Malam Almu, don Allah me ya sa ka sake shi?"

"Bai kai tsawon da doka ta yanke ba. In aka kama ni da shi, tara ce."

"To riƙe shi cikin ruwa fa?"

"Ya gaji ne. In ka jefa shi haka, kifewa zai yi ya mutu. Sai ka riƙe shi ruwa ya ratsa shi, har ka ji ya motsa da ƙarfi."

"Maganar da kake yi masa kuma?"

Ya ce, "Haƙuri nake ba shi. Babana ya ce in ka ji wa abu ciwo ba ka ci shi ba, ka ba shi haƙuri. Shi ke nan."

Amsa dai ta yi ma'ana, amma wani ɓangare na zuciyata yana cewa ai ko boka ma yana da amsa. Na shiga busa hannu saboda sanyi.

Wajen la'asar, bayan mun yi salla a kan tsakuwa, ya kamo wani babba, tsawon hannuna. Wannan bai mayar ba. Ya yi bisimilla ya gyara shi tsaf, ya naɗe a leda da ƙanƙara, ya miƙo min.

"Malam Mahamudu, ka gama bincikenka?"

Kunya ta rufe ni. Na fara inda-inda, ya ɗaga hannu.

"Bincike hakkinku ne, ban ji haushi ba. Amma Humaira ta ga abin da Hajiya Luba ta rubuta a group. Kwana ta yi tana kuka. Ni ba kaina nake ji ba, na tsufa da jin irin wannan. Abin da nake tsoro, ran da jariri ya yi zazzaɓi a gidanku a ce ai uwarsa 'yar Sarkawa ce. Ka kai wa Hajiya kifin nan. In ta ci, ku turo magabata, na ba ku. In ba za ta iya cin abin hannuna ba, ku bar min 'yata."

Na kai kifin nan gidan Yaya Luba a daren, na faɗa mata duk abin da na gani da abin da ya ce. Ta ja da baya kamar na miƙo mata maciji.

"Ka ji ba! Me ya sa sai ni zan ci? An yi abu a ciki, so ake a rufe min baki."

Zulkiflu ya durƙusa a gabanta, saurayi da gemunsa, hawaye na zuba. "Mum, please. Loma ɗaya. Just one."

Ta juyo kaina. "To kai da ka je ka gani, fara ci mana."

Wallahi na buɗe baki zan ce a soya. Sai hoton mutumin nan a sunkuye cikin ruwa ya dawo min. Na ji kaina ina cewa ai ba ni aka aiko wa ba. Zulkiflu ya dube ni, kallon da har yau ba na son tunawa.

Ta ƙi ci, ta kuma ji tsoron zubarwa, sai ta tura shi can ƙasan firiza. Na ce wa yaron mu ce kawai ta ci, wa zai sani? Ya ce shi ba zai fara aure da yi wa Humaira ƙarya ba.

Malam Almu bai taɓa tambayata labarin kifin ba. Duk Juma'a zai ba ni hannu, ya tambayi iyali, ya wuce. Da bazara ta zagayo aka ɗaura auren Humaira da wani malamin makaranta daga Manchester, mu ma an gayyace mu. Zulkiflu ya tattara kayansa ya koma Edmonton, can arewacin London, sai ya yi wata bai taka gidan uwarsa ba. Abin yana ci min rai, don yaron nan a hannuna ya girma.

Da babbar sallar shekarar da ta biyo baya na je taya Yaya Luba shirya naman layya, wuri ya ƙare a firiza. Ta zura hannu ta fito da ledar kifin nan, duk ƙanƙara ta lulluɓe ta. Ta daɗe tana riƙe da ita.

"Mahamudu," ta ce a hankali, "in na ci yanzu fa?"

Na ce, "Yaya, yarinyar har ta kusa haihuwa."

Ta mayar da shi inda yake, muka raba wa maƙwabta sauran naman.