Kwamfutar Balaraba da Bencin Injiniya

Wata rana wata mai ɗinki a Funtuwa, sunanta Balaraba, ta karɓi aikin da ya fi duk wanda ta taɓa karɓa girma.

Ankon ƙawayen amarya ne, har da kayan amarya da na uwar biki, bikin 'yar Hajiya Uwale. Kowace riga da surfani a wuya da bakin hannu, irin wanda inji ke yi da umarnin kwamfuta. Kamu ranar Alhamis.

Ita kuwa Hajiya Uwale, in ta yabe ka a gidan biki, ka gama neman kwastoma. In ta kushe ka, sai dai ka koma ɗinkin rigar filo.

Ana cikin haka tsohuwar kwamfutar Balaraba ta ce ga garinku nan.

Aka ba ta shawara kada ta sayi ta hannu, ta shiga kasuwa a haɗa mata sabuwa ta tebur, gaɓa-gaɓa. Aka kwatanta mata shagon wani da kowa ke kira Injiniya. Sunansa na yanka ban sani ba, ko na sani ma ba zan ɓata bakina ba.

Ya haɗa. Ya kunna. Fanka na juyawa a ciki da fitila shuɗiya kamar motar angwaye.

"Hajiya, jirgi kika saya," in ji shi.

Balaraba ta rungumo abarta a keke napep, har da ce wa mai keken ya bi ramuka a hankali.

A shago ta jona komai yadda aka nuna mata. Ta kunna 'yar na'urar intanet ɗinta. Wayarta ta gani nan take. Wayar mai kanti na kusa ma ta gani, don dama ya saba sata.

Sabuwar kwamfuta kuwa ko alama.

Ta jona injin surfani. Shi ma shiru, kamar surukai sun haɗu a soro.

Bari in ɗan yi muku bayani, ku da kuke karantawa a kwance. Kowace gaɓa a cikin kwamfuta tana da wata 'yar manhaja da ke gabatar da ita, masu sana'ar suna ce mata direba. In babu ita, gaɓar na nan lafiyarta ƙalau, amma kwamfuta ba ta san da zamanta ba.

Injin surfani na son direbansa, kuma daga intanet ake sauko da shi.

Gaɓar da ke kamo intanet ita ma tana son nata.

Shi ma daga intanet.

To da wace ƙafa za ta je?

Ta kira Injiniya.

"Kawo ta," ya ce. "Amma ki ji ni da kyau. Kar ki bari kowa ya buɗe ta, ke ma kar ki danna abin da ba ki sani ba. In ta ƙone, ba ruwana."

Ta sake ɗaukar kaya, ta koma kasuwa. Shago a rufe. Maƙwabta suka ce ya tafi Kano ɗauko kaya.

Wunin nan ya tafi a banza, atamfofin mutane na jibge a kan tebur, an yanka, ba a sa musu ko zare ba.

Da yamma Hajiya Uwale ta kira.

"Balaraba, ina fata ba zan ji wani labari ba."

"Ba za ki ji ba, Hajiya, in sha Allahu."

"Don ni ba na dafa labari in raba wa baƙi."

Washegari da sassafe Balaraba ta sake dira a kasuwa. Ta tarar da benci a ƙofar shagon, da mutane a kai, kowa ya ɗora kwamfutarsa a cinya kamar layin awon jarirai.

Ta zauna kusa da wani dattijo, Baba Tanimu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Suka gaisa.

"Baba, taka me ya same ta?"

"Ba ta magana, 'yata. Jikokina suna kirana daga Legas, ina ganin bakinsu na motsi, ba na jin komai. Jiya ƙaramar har kuka ta yi, ta zaci fushi nake da ita."

Na gefensa Mudi ne, mai shagon hoto a bayan kasuwa. Tasa tana shiga intanet, tana magana, amma duk amaryar da ya buɗe hotonta sai fuskarta ta baje kamar faifai.

"Anti, wata har ta ce mijinta zai kai ni ƙara," ya ce.

Balaraba ta bi bencin da tambaya. Kowa a nan aka haɗa masa. Kowa abu guda ne ya rasa. Kuma kowa an ja masa kunne kada ya taɓa.

Nan ranta ya fara ɓaci.

Sai da rana ta ɗaga sannan Injiniya ya iso, yana kaɗa makulli a yatsa, yana amsa gaisuwa da ka. Mutanen benci suka miƙe, har da Baba Tanimu, da kaya a hannu da ciwon gwiwa.

Balaraba ba ta miƙe ba.

"Injiniya, tambaya gare ni. Mantuwa ka yi da direban intanet ɗina?"

Ya yi dariya, ya ma ƙi rage murya.

"Hajiya, ni ba na mantuwa. In na sa muku komai rana ɗaya, gobe wa zai zo ya gaishe ni?"

Ku sake karanta wannan amsar.

Mutum ya hana tsoho jin muryar jikarsa. Ya sa ana neman kai wani kotu. Ya ajiye mace da aikin bikin mutane a wuyanta. Duk don ya riƙa tarar da layi a ƙofarsa, maƙwabta su ce kasuwarsa ta buɗe.

Wallahi ina son tsokana, kun san ni. Amma tsokanar da aka gama ba a yi dariya tare ba, sunanta mugunta.

"Ku jira in karya," ya ce, ya shige ciki ya aika a kawo masa waina.

Balaraba ta zauna tana huci. Cikin hucin ne wani abu ya faɗo mata.

Su masu surfani ba sa ɓoye wa juna zanen aiki. In wata ta samu sabon fure mai kyau, a filashi ake zuba shi, ya zaga shago-shago. Nata filashin yana nan a ɗaure da makullin shago.

Ta juya wajen Mudi.

"Ƙanena, shi direban nan, abu ne da ake zubawa a filashi kamar zane?"

"Haka na ga yana yi, Anti. Amma sai an san sunan babban allon da ke ciki. Kuma ya ce in aka buɗe..."

"Shi ya ce," in ji Balaraba.

Ta zuge jaka ta ɗauko 'yar sukudirebar da take kwance keken ɗinki da ita. Ba zan ɓoye muku ba, duk abin da ta tara yana cikin akwatin nan. Ta kwance noti biyun baya, ta zare murfin gefe.

Babu abin da ya ƙone.

Ga suna nan ɓaro-ɓaro a jikin allon, da manyan baƙaƙe.

Mudi ya karɓi sukudireba ya buɗe tasa. Suna ɗaya. Aka buɗe ta Baba Tanimu. Suna ɗaya. Ashe kaya iri guda yake sarowa, ya raba wa kowa ciwonsa daban.

"Taka tana shiga intanet, ko?" ta ce wa Mudi. "Tashi mu je shagonka."

Suka miƙe. Wannan ya ɗora a ka, wancan ya saɓa a kafaɗa, Mudi ya ɗaukar wa Baba tasa. Suka bi ta tsakiyar kasuwa a jere, masu shaguna na leƙowa.

Injiniya ya fito da waina a hannu.

"In ta lalace kar wanda ya dawo min nan."

Baba Tanimu ya waiwayo.

"Ci abincinka, ɗana, kar ya huce."

A shagon hoto Mudi ya rubuta sunan allon, shafin kamfanin ya buɗe. Ga su nan a jere, kyauta, ba mai gadi: na intanet, na sauti, na hoto. Ya sauko da su duka, ya zuba a filashin Balaraba, a gefen furanninta.

Aka jona tata. Ta ce ba wanda zai danna mata. Ta yi bisimilla ta danna da kanta.

Kwamfuta ta yi ɗan nazari, ta mutu, ta tashi.

Sai ga alamar intanet a ƙasan allo, tana nuna na'urar intanet ɗin Mudi.

Balaraba ba ta yi guɗa ba. Tagumi ta yi, ta ce, "Wannan ne? Wannan ɗin ne ya ci min kwanaki?"

Aka yi wa Baba nasa. Ya kira Legas a nan take, muryar yarinya ta cika shagon tana cewa Kaka ya daina fushi. Tsohon ya cire hula ya rufe fuska da ita.

Kafin la'asar Balaraba na shagonta, ta sauko da direban injin surfani, allura ta fara sukuwa a kan atamfa.

Ankon ƙawaye ya fita ranar Laraba, ba wadda ta rasa rigarta.

Amma kada ku ce an tashi lafiya. Hajiya Uwale ta riga ta tsorata, ta aiko an karɓe kayan amarya da nata na uwar biki, ta kai wa wani tela a Zariya. Su ne kayan da za a ɗauka a hoto, su ne za a tambayi wa ya ɗinka.

Wannan asarar babu filashin da zai dawo da ita.

Darasi: In aka biya ka aiki, ka gama shi. Kada ka bar rami da gangan don a dawo a durƙusa maka, ba ka san abin da mutum ya ɗora a kan aikin nan ba. Kai kuma mai saye, kada ka bar shago da sabuwar kwamfuta sai ka ga ta shiga intanet, ta yi magana, hoto ya fito daidai, kuma an zuba maka direbobinka a filashi. In mai gyara ya fi ba ka tsoro a kan bayani, tambayi na kusa da kai a benci.

Ku tura wannan zuwa rukunin gidanku da na unguwa, musamman inda akwai mai gyara. Wanda ya karanta ya yi shiru ya fita daga rukunin, ku turo min sunansa.