Lorin Isa da Kan Ragon Baffa

Kakata ba ta ba da tatsuniya kyauta. In an idar da magariba ta hura 'yar wutarta a bakin ɗaki, ta tura doya ko masara cikin garwashi, duk jikan da ke son zama sai ya zo da wani abu da ya haɗa da hannunsa. Ba ruwanta da kyansa. Saniyar laka mai ƙafa uku ma ta wadatar, haka 'yar tsanar totuwar masara da aka ɗaura wa tsumma. Amma ka zo hannu rabbana, sai ta dube ka sama da ƙasa ta ce, “Angona, yau da me ka wuni? Da ƙirga ƙudaje?” Sauran yara su kwashe da dariya, kai kuwa ka ruga bayan gida neman kara.

'Yar Agyaragu ce, aure ya kawo ta Lafiya, kuma a kasuwa ta koyi Hausa, don haka mace da namiji duk “ya ce” ne a bakinta. Mukan tsokane ta, ita kuma ta ce Hausar tamu ba ta taɓa dafa wa kowa tuwo ba. Yadda take yi shi ne, ta jera abin da muka kawo a gaban wuta, ta ƙare musu kallo, sannan ta ce, “To, ga tatsuniya nan ta iso, ku matsa mata ta zauna.” Daga nan saniyarka mai ƙafa uku ta zama saniyar da kura ta ciza a hanyar Kwandere. Abin da ya shiga tatsuniya kuwa ba ya komawa ƙasa. Akwai wani tsohon kwando da ta rataye a ƙarƙashin rufin ɗakinta inda ruwa ba ya kaiwa, a nan take adana su.

Da rana muna can muna garin taya da langa da ƙwallon marafan kwalba har ƙafa ta yi furu-furu, amma duk wanda ya san kansa yana ajiye ɗan lokaci ya haɗa abin zuwa wurin Kaka. A cikinmu babu kamar yayana Isa. Ni motata ba ta kwana biyu take wargajewa. Shi kuwa sai da ya je tasha ya ƙare wa manyan lorin doya kallo, masu bodin katakon nan da ke tafiya kudu, ya dawo ya zauna da reza da kara. Ya fere totuwar, ya tsaga ɓawon ya yi ƙusoshi da shi, ya yanka tsohon silifas ɗin Innarmu ya yi tayu, har da tayar safaya a ƙarƙashi. Ƙofar direba tana buɗewa. A jikinta akwai wani ɗan baƙin tabo inda reza ta yanke masa babban yatsa, jini ya ɗiga, shi kuma ya ƙi goge shi, wai fenti ne.

Lorin nan ta shiga tatsuniyoyi ba iyaka. Ita ke kai amarya, ita ke tsere wa 'yan fashi, kuma kullum Isa ne direba. Da ƙyanda ta shigo unguwarmu ta ɗauke shi, na ɗauka shi ke nan an daina. Kaka ba ta daina ba. Takan sauko da lorin ta ajiye a tsakiya, labari ya yi nisa, a rasa mai ceto, sai ta ce, “Can sai ga Direba ya danno.” Innarmu, wadda ba ta taɓa zama wurin tatsuniya ba, ta fara kawo tsintar shinkafarta kusa da mu. Ba mu da hoton Isa ko ɗaya, kayansa kuma an bayar sadaka. Lorin ce kawai ta rage.

Sai Babbar Sallah ta zo a tsakiyar damina, Baffa Ɗanjuma ya zo daga Jos. Ƙanen mahaifina ne, autan Kaka, ma'aikacin gwamnati, mai yawan turare da yawan gyara wa mutane zama. Tun daga zaure yake fara faɗa: nan datti, can datti, me ya sa ba a share kwata ba. Ya zo wa 'ya'yansa da jar mota mai batir da ke juyawa da kanta in ta bugi bango. Ba zan ɓoye ba, mun bi ta da ido.

Ranar Sallah aka kwana ana ruwa, itace duk ya jiƙe. Bayan an yanka rago aka ɗora mini tiren nama in kai gidajen maƙwabta, Kaka kuma ta tafi duba wata ƙawarta marar lafiya. Baffa ya ce shi zai babbake kan ragon da kansa, don a nuna mana yadda ake yi. Ya hura, ya fifita, itace sai hayaƙi. Ya ɗaga kai ya hango kwandon Kaka cike da busasshen kara.

Warin roba ne ya tare ni tun daga ƙofar gida. Na shigo na tarar wuta ta kama sosai, kan rago a kai, kwando a kife a gefe. Tayar lorin guda ɗaya ta gangaro waje tana narkewa. Na yar da tiren na kai hannu cikin wutar, Baffa ya fizgo ni ta wuyan riga.

“Kai, ba ka da hankali ne? Za ka ƙona kanka a kan rabish?”

“Lorin Isa ce!”

“To sai me? Kara ne fa. Gona cike take da shi. Gobe ka yi wata.”

Innarmu na tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu. Ƙanen miji ne, kuma baƙo. Ta juya ta shige ciki. Mahaifina da aka faɗa masa cewa ya yi a bar maganar, ranar Sallah ce. Har yau in na tuna sai in ji zuciyata na tafasa. Babban mutum, mai ilimi, yana da baki, gidan cike da jama'a, ya kasa tambayar ko mutum ɗaya, kwandon nan na waye? Da wani ne ya taɓa masa rediyon motarsa da unguwa ta ji.

Kaka ta dawo ta ga kwandonta. Ta ɗauka, ta kakkaɓe, ta mayar inda yake. Na zaci ranar ba tatsuniya, amma ana idar da magariba ta hura wutarta kamar kullum. Muka zo muka zauna, babu mai komai a hannu, ba ta kuma tambaya ba. Baffa na kan kujera can gefe yana sakace. Ta ɗaga murya yadda zai ji.

Ta ce wata kurciya ce da mijinta suka yi sheƙa a gindin wata ciyawa. Mijin ne ya yi ta jigilar tsinke da bakinsa, ɗaya bayan ɗaya, har sheƙar ta haɗu. Bai daɗe ba shaho ya ɗauke shi. Kurciya ta ci gaba da kwana a sheƙar. Wata rana giwa ta zo wucewa ta take ta, ko ji ba ta yi ba. Kurciya ta bi ta tana kuka har giwa ta tsaya.

Kaka ta kumbura kumatu ta yi muryar giwa: “Ke 'yar tsuntsu, a kan ciyawa kike wannan ihu? Ni da nake cin dami goma kafin rana ya fito? Zan tara miki wanda ya fi wannan.”

Giwa ta tumɓuko ciyawa ta tara har ta yi tudu. Kurciya ta zagaya tudun ta dawo. A nan Kaka ta rage murya, sai da muka matso.

“Kurciya ya ce, na gode, ranki ya daɗe. Amma wanda mijina ya ɗauko da bakinsa nake so. Nuna mini shi a ciki.”

Giwa ta duba, ta rasa. Kunya ta kama ta, ta ce za ta nemo. Shi ya sa, in ji Kaka, har gobe in giwa ta tumɓuki ciyawa ba ta kai wa baki kai tsaye, sai ta kaɗa ta, ta jujjuya ta duba, ko ita ce. Kurciya kuma tana bisa reshe tana tambayarta ko ta gani. “Ta tashi ke nan,” Kaka ta ce, “kowa ya kama gabansa.”

Baffa ya yi dariya har da tafi. “Iya, ashe har yanzu kina nan da labaran nan naki! Wallahi ya kamata a sa ki a rediyo.” Kaka ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, sannan ta juya doyarta.

Da za su koma Jos ya miƙo mini jar motar, ɗansa na kuka, ya ce, “Ungo, ka ga wannan ta fi waccan sau ɗari.” Mahaifina ya zare mini ido, dole na durƙusa na yi godiya. Wannan godiyar ta fi ƙonawar ci mini rai. Batir ɗin ya mutu cikin kwana kaɗan, na ba wani yaro ita. Kaka ta ci gaba da tatsuniya, muka ci gaba da kawo shanun laka, amma Direba bai sake dannowa ba, Innarmu kuma ta mayar da tsintar shinkafarta madafa.

Na girma ina ɗauka na gane tatsuniyar sarai: babba ya taka ƙarami, an hukunta shi da nema har abada. Ina ma jin daɗin hukuncin. Sai da aka raba mu da Jos aka ba mu tamu jihar, Baffa ya tattaro ya dawo Lafiya da furfurarsa, Kaka ta daɗe da rasuwa. Wata la'asar na je gaishe shi na tarar da jikokinsa sun kafa wa talabijin ido, yana ta yi musu faɗa.

“Habu, ku ne kuka more yarinta. Dubi waɗannan, ko tsinke ba su iya ferewa ba. Ina irin motocin karan nan da kuke yi? Ai abin sha'awa ne. Ka haɗa musu ɗaya mana su gani.”

Na dube shi. Na ce, “Baffa, kun tuna lorin Isa?”

“Wace lori?”

“Wadda aka hura wuta da ita ranar Sallah.”

Ya ɗan yi tunani, da gaske yake yi, ba basarwa ba ce. “Isa... wanne ke nan a cikinku?”

Na ce wanda ƙyanda ta ɗauke. Ya ce ayya, yara da yawa sun tafi a lokacin nan, Allah ya jiƙansu. Ya koma kan maganar talabijin.

Ban haɗa motar ba. A hanyar gida na yi ta juya tatsuniyar a raina, haushi na ƙaruwa, don na ga ashe ba hukunci Kaka ta yanke wa giwa ba, alfarma ta yi mata. Giwarta ta tsaya da aka kira ta, ta ji kunya, ta riƙe abin a ranta tana nema. Ni ban taɓa haɗuwa da irin wannan giwar ba. Kaka ma ta san babu ita, ai tana kallonsa yana tafi. Ɗanta ne, ita ta goya shi, kuma a cikin tatsuniya kaɗai ta iya sa shi ya sunkuya ya duba abin da ya taka.