Tukunyar da Kare Ya Lashe

Ni ne maigidan Kaka Dije kafin Bala ya iya baki. Duk jika namiji mijin kakarsa ne a wasa, amma ni na ɗauki nawa auren da gaske. Ni ke shiga bakin daji in yo mata itace, ni ke murza mata man kaɗe a gwiwa. Ladana shi ne gefen tabarmarta na dama, kusa da murhu, da ƙanzon tuwo in ta kankare tukunya.

A Birnin Gwari muke, Najeriya ba ta daɗe da samun mulkin kai ba. Da an sallame isha'i sai mu kewaye wutar, mu tura dankali cikin toka. Karen farautar Baba, Dage, ya kwanta can nesa, don Kaka ba ta yarda ya taɓa mata tabarma.

Bala ɗan ƙanin Baba ne, na girme shi nesa ba kusa ba. Ko tsinke ba ya ɗaga mata, amma Allah ya ba shi baki. Ya yi muryar Bafulatana mai tallan nono, ya yi ta Bagwariyar da ke kawo mana doya, ya yi ta mai karanta labarai a rediyo har da tarinsa. Kaka ta yi ta dariya tana share hawaye da bakin zane. Ran nan ta dube ni ta ce, "Audu, na sake ka. Matsa wa sabon maigidana." Kowa ya fashe da dariya. Ni kuwa na matsa, amma wallahi kamar in tura yaron cikin wuta.

A kwanakin ne wani direban babbar mota da ya taso daga Ikko, wato Legas, ya tsaya a tasha da aku cikin keji. Tsuntsun ya yi sallama, ya zagi yaron mota, mu yara muka rufe shi. Da yamma na tambayi Kaka, ina hararar Bala, me ya sa aku ke magana, Dage kuwa da yake jin duk abin da aka ce masa ba ya iya ko kalma guda.

Ta gyara zama ta ce, "To, ga ta nan ta shigo, ku ba ta wuri." Muka ce ta zauna mu ji.

Wai a farkon duniya ba mai magana. Wata tsohuwa a tsakiyar dajin Kamuku ce ta dama maganar a tukunya kamar kunu, ta ce mai so ya zo ya sha. Mutum ya tafi, kare na biye da shi. A bakin rafi mutum ya ajiye kwari da bakansa, ya yi wa kare nuni ya tsare. Ya je ya kafa kai, yana sha yana zubarwa saboda haɗama. Aku na bisa kaɗanya yana kallo. Ya sauko ya tsattsage abin da ya zubo daga bakin mutum. Shi ya sa ba shi da maganar kansa, sai wadda ta faɗo daga bakin wani.

Sai da mutum ya ƙoshi ya tuna da kare. Kare ya sheƙo da gudu, ya tarar da tukunya wayam. Ya lasa, ya lasa, har harshensa ya miƙe ya yi laɓe-laɓe, ba ya iya riƙe komai. Ya yi kuka cikin tukunyar, ta amsa masa da "hau". Da wannan kaɗai ya dawo, kuma har gobe ba ya ganin tukunya ya wuce.

Na miƙe tsaye na ce, "Kaka, ai an cuci kare!"

Ta ce, "An cuce shi mana. Wa ya ce maka ni alƙali ce? Zauna ka juya mana dankali."

Bala ya maimaita da muryarta sak, har da karkarwar: "Zauna ka juya mana dankali." Aka sake kwashewa da dariya. Ranar ban ci ba, na ba Dage rabona.

Ban daina yi mata hidima ba, ita ma ba ta mayar da ni gefen dama ba. Bala ya tafi Kaduna ya zama direba. Ni na zauna gona, ni na yi jinyarta, a hannuna ta cika. Shekaru na yi ina ba jikokina tatsuniyar nan, kalma ba ta ɓace mini ba, amma muryar ta tafi. In na rufe ido in ji ta, shiru. Su kuma yaran sai hamma.

Bara Bala ya zo mana da furfurarsa. Muna zaune tsakar gida, ya karɓe tatsuniyar daga bakina, sai ga Kaka Dije a raye. Da yaran suka watse, ya dube ni ya ce da muryarta, "Kai dai abin dariyata ne, Bala. Audu shi ne maigidana, ba ni da kamarsa."

Na ce, "Ƙarya kake. Ba ta taɓa faɗin haka ba."

Ya ce, "Haba Yaya, ka san ni. Yaushe na taɓa ƙirƙiro magana? Abin da na ji nake faɗa. Kana daji neman itace take cewa."

Na tashi na shige zaure, tsoho da ni ina kuka. Na daɗe ina zaton tatsuniyar gori ce ga aku, ashe ba don shi ba da maganar ta bi mai ita kabari. Na gode wa Bala, har na roƙe shi ya sake faɗa, ya sake. Amma ba zan ɓoye ba, har yanzu abin na cina. Maganar tawa ce, ni aka yi wa ita, kuma shi ne ya ji ta daga bakin Kaka.