Wuƙar Kamfanin Gyaɗa

A kasuwar Babura, wani dogon mutum mai tabo a haɓa yana tsugune gaban teburin Silvanus, tsohon akawun kamfanin gyaɗa. Idon mutumin ba ya zama wuri ɗaya. Yana ta buɗe wata ƴar wuƙa mai naɗewa yana rufewa.

"Malam akawu, gadon babana ce. Za ka saya?"

Silvanus ya karɓa. Ga tambarin kamfanin a jikinta, irin wuƙar da aka raba wa ma'aikata kafin mulkin kai. Da alama mutumin bai iya boko ba, in ba haka ba da ya kankare sunan da aka zana a ƙotar: Bartholomew, ƙanen Silvanus, wanda ya ɓace a hanyar Roni bara.

Mutumin ya matso.

"Malam, me ka karanta?"