Allura Biyu da Hannun Boniface

Duk wanda ya zauna a Fagge a shekarun nan ya san Hajiya Sherifat, ko da bai san aikinta ba. Gajeruwa ce, mai saurin tafiya, mai saurin faɗa kuma. Mahaifinta masaƙi ne daga Ilorin, kuma tun tana ƙarama ita ce mai warware masa zare idan ya cukurkuɗe, don yayyenta duk ba su da haƙurin. Da ta girma ta samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Shekara ashirin da biyu tana yanka tsoka siririya kamar ɓawon albasa, ta rina, ta ɗora a gilashi, likitoci su duba a madubin likita su sa hannu. Sunanta bai taɓa hawa kan takarda ba, kuma ta kan faɗi haka da ƙarfi.

A shekarar da soja suka miƙa mulki, 1999, aka kawo mata wani ɗan abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Daga wuyan hannun Boniface aka ciro shi, wani tela a Sabon Gari da ya yi suna wajen ɗinkin kwat. Gilashin taga ne ya yanke masa jijiyar da ke kai ji ga yatsu. An ɗinke ta, amma wata bakwai babban yatsansa da manuni kamar itace. 'Yan siyasa na ta ɗinkin rantsuwa, shi kuwa ko allura ba ya iya tsinta.

Dokta Abdulmuminu, matashin likita mai kirki amma mai gaggawa, ya duba yankan farko ya ce babu komai sai tabo. Ma'ana ɗinkin bai kama ba. Ranar Litinin za a sake buɗe hannun, a datse wurin, a ciro jijiya daga ƙafa a yi masa ƙari. In wannan ma ya ƙi, shi ke nan, Boniface ya yi sallama da keken ɗinki.

Sherifat ta leƙa madubin bayan ya gama. Tabo kam akwai shi, amma a wani gefe ta ga wasu 'yan ɗige-ɗige a cure, uku nan, biyar can. Abin ya tsaya mata a rai.

"Likita, ka ba ni ragowar zuwa Juma'a."

"Hajiya, me za ki gani wanda ban gani ba?"

"Kai ka duba shi a gicciye. Ni zan bi tsawonsa. Zare ba a saninsa sai an warware."

Ya yi murmushi irin na wanda ba ya son musu da sa'ar uwarsa, ya ce to.

Ta jiƙa ragowar a maganin da ke baƙanta rigar da ta lulluɓe silin jijiya, ta tausasa shi, sannan ta ɗauko allura biyu. Aiki ne da wani tsohon malaminta ya nuna mata sau ɗaya tak, kowa ya guje shi saboda cin rai. Sai ka raba silin jijiya ɗaya-ɗaya, alhali gashin kai ma ƙato ne a kansu. Numfashi mai ƙarfi ya isa ya tsinka su. Ranar farko ta tsinka tara, ta zage kanta da Yarbanci, ta kori masinja da ya buɗe ƙofa da ƙarfi. Rana ta biyu wuyanta ya ƙage. Ranar Juma'a da hantsi ta jera sili goma sha ɗaya a kan gilashi, ta aika a kira likita.

"Duba na sama, wanda na ciro daga tsohon gwaji. Ka ga kaurinsa, ga gaɓoɓinsa dogaye kamar rake mai kyau? Haka lafiyayya take. To sauko ƙasa."

Abdulmuminu ya juya madubin. Na Boniface sirara ne, rigarsu ba kauri, gaɓoɓinsu gajeru kuma kusan daidai da juna. Ya daɗe bai ɗago ba. Ya san abin da littafi ya ce: sabon toho ne kaɗai ke da wannan kama. Kuma daga gaban ɗinkin aka ciro su. Sun riga sun haye tabon, suna kan hanyarsu ta zuwa yatsu, a hankali, kamar tsawon gaɓar yatsa a wata.

"Da mun datse su ranar Litinin," ya faɗa da sanyin murya.

"Da kun datse su," in ji ta, ba ta ko sassauta masa ba.

Ya ɗauki biro ya soke aikin. A ƙasan takardar, kusa da sunansa, ya rubuta nata. Ta karanta sau biyu, ta ce rubutunsa ba kyau, ta juya baya don kada ya ga idonta.

Boniface bai ji daɗin labarin ba da farko. An ce masa ya koma gida ya jira, shi da ya gaji da jira. Wata huɗu yana tausa yatsun yana ƙunƙuni.

Wata Asabar bayan la'asar Sherifat na tsintar wake a tsakar gida sai ta ji ana kwaɗa sallama kamar gobara ta tashi. Boniface ne, tef a wuya, takalmi ƙafa ɗaya. Da gudu ya tsallako daga Sabon Gari, hannunsa a sama, ɗigon jini a kan manuninsa.

"Mama! Allura ta soke ni!"

"To sai me? Nan asibiti ne?"

"Mama, zafi! Wallahi na ji zafi!"

Tiren waken ya kife. Ta kama yatsan, ta zare allurar ɗankwalinta ta ɗan taɓa babban yatsan ma. Ƙaton mutum ya yi tsalle ya kurma ihu, yana dariya hawaye na zuba. Ita ma dariyar take yi, farin ciki ya cika ta har ta rasa abin faɗa, abin da Fagge ba ta taɓa gani ba.

"Sake, Mama," in ji shi, yana miƙo hannun. "Don Allah sake soka min."