Na Ga Yaya Haladu a Tsohon Fim

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayana Haladu, masunci a tafkin Bagauda. Na ɗauka na gama sabawa da rashinsa, sai ga wani tsohon fim ya dawo mini da shi, tun daga ranar kuma na kasa samun natsuwa.

Yaya Haladu bai bar hoto ba. In mai hoto ya shigo gidanmu ranar suna, shi lokacin yake tuna yana da aiki a bakin ruwa. Sau ɗaya aka ci galabarsa. Yana saurayi 'yan fim suka zo daga Kano za su ɗauki waƙa a kan ruwa, suka rasa mai tuƙa musu kwalekwale, Sarkin Ruwa ya ce shi zai yi, bai kuwa iya yi wa babba musu ba. Da kaset ya fito muka cika gidan kallo a garin Ƙofa, aka hasko shi muka kaure da ihu. Shi ya ƙi zuwa, wai ai ya san kamanninsa. Kaset ɗinmu ya yi ta yawo gidajen maƙwabta har zarensa ya tsinke. Daga baya ciwon hanta ya ɗauke shi, matarsa na goyon Zulai.

Watan jiya wani abokin aikina a makarantar da nake koyarwa a Tudun Wada ya miƙo mini wayarsa, ya ce in ga yadda ake fim a da. Na fara kallo ina dariya: hoto na rawa, murya na riga baki, jarumi ya sha wando mai faɗin ƙafa. Sai aka hasko ruwa, dariyar ta maƙale. Ga Yaya Haladu can a ƙarshen kwalekwale da filafili a hannu, ya kau da fuska gefe, ko minti ɗaya bai cika ba aka ɗauke.

Na karɓi fim ɗin a wayata. Ina kallo a ofis, ina kallo a mota, ina maido shi baya ina jin haushin mai kyamara da ya nace wa jarumar. Na shiga neman finafinan wancan zamani ko zan sake cin karo da shi, ban samu ba, amma kallona ya sauya. Yanzu ba na bin jarumai. Mai rake nake kallo a bayansu, da matar da ta gifta da ƙwarya a ka, ina tambayar kaina ko na wane ne, ko suna raye, ko nasu sun san suna nan.

Ban san me zai ce da zamanin nan ba, da samari ke zuwa bakin tafki suna ɗaukar kansu riƙe da kifin da ba su suka kama ba. Abin da ya fi damuna, mutumin da ya guji kyamara duk rayuwarsa, ga shi ina yawo da shi a aljihu. Na yi ta jinkirin kai wa Inna, mahaifiyarmu. Ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, ban taɓa ganin hawayenta a kansa ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kai. Zulai, wadda ke hannun Inna tun da uwarta ta sake aure, ta matso. Suka kalla tare.

"Baffa, wannan ne?" in ji Zulai. "Fuskar ba ta fita ba."

"Shi ne."

"To muryarsa fa? Na ga bakinsa ya motsa."

Sai a lokacin na lura. Ya juyo ya ce wa jarumar wani abu, amma waƙa ta danne. Na lalubi muryar a kaina in kwaikwaya mata, na tarar ba ta nan, ban ma san yaushe ta ɓace mini ba.

Inna ta karɓi wayar, ta kai ta dab da ido, ta ce in maido. Na maido.

"Cewa yake, zauna daidai," in ji ta. "Duk wanda ya shiga jirgin yaron nan abin da yake fara ji ke nan. Ni kaina ya faɗa mini."

Ta yi dariya, ta goge ido da bakin zane.

Abin da ya rage na Yaya Haladu bai da yawa: yarinya mai tsayinsa, masunta biyu da ya koya wa ruwa, da wannan guntun hoto mai dishi-dishi. Ni har yau ban daina maido shi baya ba. Amma jiya Zulai ta hau bayan babur ɗina zan kai ta makaranta, na fara mutsu-mutsu ina laluben waya, ta dafa kafaɗata ta ce, "Baffa, zauna daidai." Allah Ya ji ƙansa.