Wuƙaƙen Sale

Ranar Juma'a ce, ranar da nama ya fi tafiya. Mijina Sale mahauci ne, haka ubansa, haka kakansa. Da asuba ya tafi kwata kamar kullum, ni kuma na ɗora kunu a tsakar gidanmu na haya a Bagadaza. A shekarun can kuɗin mai sun shigo, har lebura na cin nama a Gombe. Kafin ya fita Sale ya ce bana zai saya mini keken ɗinki. Na ce in gani a ƙasa, an ce da kare ana biki a gidansu.

Da hantsi muka ji ƙara daga wajen Dawaki. Na ɗauka tayar mota ce ta fashe. Sai ta biyu, sai ta uku, sai ba ƙaƙƙautawa. Dama mun daɗe muna jin labarin mabiyan wani mai wa'azi da suka tare a wani lungu, suna tara takubba da wuƙaƙe. Ranar suka fito. Suka far wa 'yan sanda, suka shiga gidajen mutane.

Wajen sha ɗaya Sale ya faɗo gida a guje. Rigarsa jina-jina da jinin bijimin da ya feɗe. Bai tsaya canzawa ba. Na goya 'yarmu Asabe, na kama hannun yayarta Ladidi. Shi kuwa ya kwashe wuƙaƙensa da gatarin sara ƙashi, ya naɗe a buhu. Na ce ya bar su. Ko kallona bai yi ba. A gidansu mahauci ba ya barin ƙarfensa ya kwana inda ba ya nan, kuma wuƙar ubansa na ciki.

Muka fita tare da maƙwabciyarmu Maman Rifkatu, 'yar ƙabilar Tangale ce, malamar firamare. Muka kama hanyar Kwadon, inda yayata take aure. Titi cike da mutane, wani da tabarma, wata da tukunya a ka. Ƙarar takalma kawai da kukan yara.

Ana kiran azahar muka kai bakin gari. Sojoji sun tare hanya. Ba irin na bariki ba ne, waɗanda ke sayen nama wurin Sale suna tsokanarsa. Waɗannan daga nesa aka kawo su ranar. An ce horo daban aka yi musu don farautar masu tayar da ƙayar baya. Fuskokinsu shafe da baƙi. Hausarsu ba ta wuce ta ba da umarni ba.

"Maza nan! Mata can!"

Aka raba mu. Tsakanina da Sale faɗin titi ne kawai. Wani soja ya dubi rigarsa, ya dubi buhun.

"Buɗe!"

Sale bai gama kwancewa ba sojan ya fizge, ya zazzage. Ƙarfe ya zube a kan kwalta. Har yau ina jin wannan ƙarar. Mazan da ke kusa da shi suka ja baya, har waɗanda suka san shi.

Sale ya ɗaga hannuwa. "Mahauci ne ni!"

Maman Rifkatu ta yi ta ihu da Turanci tana gaya musu sana'arsa. Wani ya juyo da bakin bindiga wajenta.

"Tafi!"

Ladidi ta ƙanƙame zanena. Ina kallo suka ɗaure wa Sale hannu ta baya, suka jefa shi mota tare da wasu. Ya ɗago kai yana neman mu a cikin mata. Ban sani ba ko ya gan mu. Taron da ke bayanmu ya turo, muka yi gaba ba da sonmu ba.

Wajen la'asar muka ji harbi a bayanmu. Ban san wa aka harba ba. Rana na faɗuwa muka shiga Kwadon, ƙafar Ladidi duk ta fashe.

Da gari ya lafa na koma. Na je bariki, aka ce ba su ba ne. Na je asibiti, na je gidan yari. Sojojin sun koma inda suka fito, babu wanda ya san sunan ko ɗayansu. Mahauta suka zo gaisuwa, amma ba halin yin ta'aziyya, tunda ba gawa, ba jana'iza. Liman ya ce in jira.

Mu huɗu muka bar ɗakin nan, mu uku muka koma. Asabe ta yi aure ba ta san fuskar ubanta ba. Ranar da na shiga takaba daga baya, babu wanda ya iya gaya mini ranar da Sale ya rasu.